Tarayyar Kamfanoni da Abin Hawa Mai Tuƙa Kansa: Nazari Daga Bakin Ruwan Yawuri

1. Gabatarwa

Tun daga watan Oktoba na 2020, a birnin Finiks na ƙasar Amurka, mutum ya kan kira mota ta wayarsa, ta zo ta ɗauke shi ta kai shi inda za shi, alhali kuwa ba kowa a kujerar direba. Daga baya aka fara irin wannan haya a San Faransisko da Los Anjelas, da kuma birnin Wuhan na ƙasar Sin. Wanda ya ji labarin daga nesa ya kan zaci wani gwani guda ne, ko wani kamfani guda, ya zauna ya ƙago abin. Amma in an bi asalin kowace mota daga cikinsu, sai a tarar da hannuwa da yawa a jikinta. Wani ya ƙera gangar jikin, wani ya yi mata idanu, wani ya koya mata tuƙi, wani ya zuba jari, hukuma kuma ta ba da hanya.

Manufar wannan takarda ita ce a bayyana yadda tarayya tsakanin kamfanoni ta haifi wannan ƙirƙira, da dalilin da ya sa wata tarayyar ta ɗore, wata kuwa ta watse. An zaɓi a dubi al'amarin daga ƙasar Yawuri, watau Yawuri da Ngaski da Shanga da bakin tafkin Kainji a Jihar Kebbi. Irin wannan mota ba ta iso can ba tukuna, amma mutanen bakin Kwara sun daɗe da sanin cewa sufuri aikin tarayya ne, sun kuma san abin da ke faruwa in tarayyar ta gurgunce. Abin da za a nuna shi ne, tarayya ta kan kawo sabon abu in kowa ya zo da abin da ɗan'uwansa ba shi da shi, ta kan ɗore kuwa in an san tun da wuri wanda zai ɗauki hasara ranar da abu ya ɓaci.

2. Jirgi, tuƙi da matuƙi

Ya kamata a fara da kalmomin, gama harshen Hausa a bakin ruwa ya koyi maganar sufurin zamani. Kalmar "jirgi" tana nufin kwalekwale tun kafin zuwan Turawa. Sa'ad da hanyar dogo ta iso Kano a 1911, sai aka kira abin da ke tafiya a kanta jirgin ƙasa. Da jirage masu tashi suka fara sauka a Kano a 1925, aka kira su jiragen sama. Ala tilas jirgin asali ya koma yana neman ƙarin bayani, a ka shiga ce masa jirgin ruwa. Haka kuma kalmar aikatau "tuƙa". Ana tuƙa tuwo da muciya, ana tuƙa jirgi da filafili, sa'an nan da mota ta zo a ka ce ita ma tuƙa ta a ke yi, ko da ya ke an aro "direba" daga Turanci domin mai yin aikin.

Akwai wani abin lura a cikin kalmar "matuƙi". A Hausa ɗafa-goshin "ma-" ya kan gina sunan mai aikata abu, ya kan kuma gina sunan abin da a ke aikin da shi. A rubuce su kan zo da siffa ɗaya, karin sauti kaɗai ke raba su. Misali, "ma'auni" in an sauke murya a gaɓar tsakiya, mutum ne mai awo. In an bar muryar a sama tun daga farko har ƙarshe, mudu ne ko sikeli. Bisa wannan ƙa'ida "matuƙi" yana iya zama mutumin da ke tuƙi, yana kuma iya zama abin da a ke tuƙi da shi. Harshe ya raba su domin a zaman yau da kullum a rabe su ke: kayan aiki ba shi da laifi, mai riƙe da shi a ke tambaya. Abin hawa mai tuƙa kansa ya haɗe biyun wuri guda. Saboda haka tambayar da za ta riƙa komowa a cikin wannan takarda ita ce, in kayan aiki ya zama shi ne matuƙi, wa za a kama in jirgi ya kife?

3. Tarayya a bakin Kwara

Yawuri tsohuwar mahaɗa ce. Ɗaya daga cikin hanyoyin fataken goro, masu tashi daga Kano zuwa Gwanja, ta nan ta ke ƙetare Kwara ta shiga ƙasar Bargu. Ayarin fatake kansa tarayya ne. Madugu ke shugabanci yana sasantawa da sarakunan hanya, jagaba ke gaba domin shi ya san zango da mashaya, a kowane gari kuma akwai mai masauki da dillali. Amma duk ƙasaitar madugu, in ya iso bakin kogi sai ya miƙa kansa da dukiyarsa ga masu fito. Gungawa, waɗanda sunansu ma daga "gungu" ya fito, watau tsibiri, da Sarkawa masunta, su ne suka san ruwan.

Tarihin Turawan farko da suka bi kogin ya nuna nauyin wannan sani. Mungo Park ya iso Yawuri a farkon 1806 cikin jirginsa. A nan ne tafintansa kuma jagoransa, Amadi Fatuma, ya rabu da shi, domin nan yarjejeniyarsu ta ƙare. Park ya ci gaba ba tare da shi ba, bai kuwa wuce duwatsun Busa ba, can ya halaka. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka zo Yawuri da Busa, suka yi haƙuri suka nemi jirage da matuƙa daga hannun sarakunan bakin kogi, suka gangara har teku. Da ɗan gari a kan ci gari.

Malaman ƙasar Hausa kuma sun daɗe suna karantar da dokokin tarayya a cikin littattafan fiƙihun Malikiyya, kamar Risala ta Ibn Abi Zaid. A ƙiradi, wani ya ba da jari, wani ya ba da ƙarfinsa da saninsa, a raba riba bisa kason da aka ambata tun farko. In aka yi hasara ba da sakacin mai juya kuɗin ba, mai jari ya rasa dukiya, mai aiki ya rasa wahalarsa. In kuwa da sakaci, mai sakacin ke biya. Abin lura a nan shi ne, shari'a ba ta tsaya ga rabon riba ba, sai da ta faɗi makomar hasara.

Babban canjin da ya sami kogin a ƙarni na ashirin shi ma ta hanyar tarayya ya zo. Madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka fara ginawa a 1964 aka gama a 1968, kamfanin Balfour Beatty na Ingila da NEDECO na Holan ne suka tsara ta tare. Masu ginin kuwa gamayya ce ta kamfanonin Italiya uku, Impresit da Girola da Lodigiani, waɗanda suka haɗa farkon sunayensu suka kira kansu Impregilo. Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 82. Ruwa ya taru ya zama tafki mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 1,270, tsawonsa ya haura kilomita 130. Tsohon garin Busa ya nutse, tsibirai da yawa suka shafe, a ka ta da mutane kimanin 44,000 a ka sake musu matsuguni. Waɗannan mutane ba su cikin waɗanda suka sa hannu a yarjejeniya, amma wani kaso babba na hasarar a kansu ya sauka.

Tafkin ya sauya sana'ar jirgi. Inda a da a ke ƙetare kogi da filafili ko gora, yanzu ga ruwa mai faɗi da iska da igiyar ruwa. Sai babban jirgin katako mai inji ya yawaita, shi ke kai mutane da kaya kasuwannin Yelwa da Wara da Malale. In an duba wannan jirgi da kyau, za a ga hannuwa da yawa a jikinsa, kamar yadda aka gani a jikin motar Finiks. Kafinta na bakin ruwa ya haɗa katakon, injin kuwa sau da yawa daga Japan ya fito, irin na Yamaha, ta hannun 'yan kasuwa. Makaniki na gari ya koyi gyaransa. Sau da yawa kuma mai jirgin daban, matuƙinsa daban, su raba abin da aka samu. Ba wanda ya ƙago jirgin inji na Kainji shi kaɗai. Haɗuwar sanin kafinta da ƙirar maƙeran Japan da jarin ɗan kasuwa ita ta fito da shi.

4. Aikin matuƙi in an rarraba shi

Domin a gane dalilin da ya sa kamfani guda ba ya iya yin mota mai tuƙa kanta, sai a dubi abin da matuƙin jirgi ke yi tsakanin Yelwa da Wara. Aikinsa kashi huɗu ne. Yana gani: launin ruwa, motsin iska, wani jirgi mai zuwa, tarun masunta. Yana da sanin hanya: ya san inda kututturan itatuwan da tafki ya cinye su ke tsaye a ƙarƙashin ruwa. Ya san kuma cewa kogin sau biyu ya ke cikowa a shekara, na fari wajen ƙarshen damina da ruwa mai laka, na biyu a cikin hunturu da ruwan da ya taso daga tsaunukan Gini ya tace a fadamun Mali, har tsakanin cikar tafki da janyewarsa a kan sami kimanin mita 10. Yana yanke shawara: a ratsa ko a raɓa, a tashi ko a jira hadari ya wuce. Daga ƙarshe yana sarrafa inji da hannunsa.

Mota mai tuƙa kanta dole ta yi waɗannan huɗu, kowanne kuwa sana'a ce mai zaman kanta. Wajen gani tana aiki da kyamara, da rada mai aika igiyar rediyo, da wata na'ura da a ke kira laida, wadda ke harba hasken leza ta auna lokacin da ya ɗauka kafin ya komo, ta haka ta san nisan kowane abu da siffarsa. Wajen sanin hanya tana da taswira wadda aka auna titi da ita daki-daki, har da fitilun hanya da bakin kwalta. Wajen shawara tana da kwamfuta da manhajar da aka horar da miliyoyin kilomitoci na tuƙi. Wajen sarrafawa kuwa sai an sami mota wadda birkinta da sitiyarinta ke karɓar umurni daga kwamfuta, kowanne kuma da na biyunsa a ajiye ko da na farko zai ƙi.

Maƙeran mota sun shekara fiye da ɗari suna koyon na huɗu, amma ba su gwanance a na uku ba. Kamfanonin manhaja sun iya na uku, amma ba su taɓa ƙera mota dubu ba tare da ta kashe mutane ba. Ga kuma tsada: a kan kashe kuɗi shekaru goma ko fiye kafin a karɓi kuɗin haya na farko. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

5. Yadda tarayya ta kawo ci gaba

Hukumar binciken soja ta Amurka, DARPA, ita ta buɗe fagen da gasa. A 2004 ta sa kyauta ga motar da za ta ratsa hamadar Mojave ba direba. Ba wadda ta gama. Wadda ta fi nisa ba ta cika kilomita 12 ba. A 2005 motoci biyar suka gama tafiyar kilomita 212. Wadda ta zo ta ɗaya, mai suna Stanley, aikin Jami'ar Stanford ce ƙarƙashin Sebastian Thrun, amma gangar jikinta Volkswagen ce, injiniyoyin kamfanin kuma su suka shirya ta yadda kwamfuta za ta iya sarrafa ta. A 2007 aka mai da gasar cikin gari, Jami'ar Carnegie Mellon ta ci da motar General Motors. Tun daga tushe ke nan, jami'a da maƙera da hukuma tare suka tashi.

Gasar ta kuma jawo waɗanda ba a zata ba. Kamfanin Velodyne asalinsa lasifika ya ke yi. Mai shi, David Hall, ya shiga gasar, ya ga ƙarancin idanun motocin, sai ya ƙago laida mai juyawa da leza 64. A gasar 2007 yawancin motocin da suka gama da ita suka yi aiki. Kuɗinta a lokacin ya kai wajen dala 75,000, watau ta fi motar da ke ɗauke da ita tsada. Da masu saye suka yawaita, masu ƙira kuma suka shiga gasa da juna, sai farashi ya yi ta sauka. A 2017 Waymo ya ba da sanarwar cewa ya rage kashi 90 cikin 100 na kuɗin irin wannan na'ura.

Shi Waymo ɗin daga Google ya fito. Google ya ɗauki Thrun da waɗansu 'yan gasar ya fara aikin a 2009, ya mai da shi kamfani a 2016. Ya taɓa gwada yin ƙaramar motarsa ta kansa, sa'an nan ya bari, ya tsaya ga abin da ya iya, watau matuƙin. A 2016 ya ƙulla da Fiat Chrysler a kan motoci 100, a 2018 da Jaguar, a 2024 da Hyundai. A 2025 ya fara haya a biranen Austin da Atlanta ta hannun Uber, inda Uber ke kawo fasinja ya kula da wanki da gyara, Waymo kuma ya riƙe tuƙi. Wannan rabon aiki bai yi nisa da na mai jirgi da matuƙi da ɗan kamasho a tashar jirage ba.

Ana iya cewa ai ga Tesla, wanda ya fi son yin kome a gida, ya kuma ƙi laida ya dogara ga kyamara. Gaskiya ne, amma shi ma da na'urar kamfanin Mobileye ya fara har suka rabu a 2016, daga nan ya koma ga Nvidia, da ya tsara tasa ƙwaƙwalwar kuma Samsung ya ba ya ƙera masa. Mai cewa ba ya tarayya, in an bincika, saye ya ke kiran tasa tarayyar.

6. Inda tarayya ta watse

Ba kowace tarayya ce ta yi albarka ba, darasin waɗanda suka watse kuwa ya fi na waɗanda suka ɗore amfani.

A watan Maris na 2018, a garin Tempe na Jihar Arizona, motar gwaji ta Uber ta banke wata mata da ke tura keke da dare, ta mutu. Motar ƙirar Volvo ce, tana kuma da birkin gaggawa nata na asali mai kama kansa. Binciken hukumar kiyaye haɗurran sufuri ta Amurka ya nuna cewa an kashe wannan birki a duk lokacin da kwamfutar Uber ke tuƙi, an dogara ga ma'aikaciyar da aka zaunar a kujerar direba, ita kuwa hankalinta yana kan wayarta. Watau haɗarin a mahaɗar aikin abokan tarayya ya auku, inda kariyar wani ta ƙare ta wani ba ta fara ba. Da aka zo shari'a ba a tuhumi kamfanin da laifin kisa ba, ma'aikaciyar a ka gurfanar, ta amsa ƙaramin laifi a 2023. Uber ya sayar da sashen nan nasa ga kamfanin Aurora a ƙarshen 2020.

Argo AI kuwa rashin haƙurin masu jari ne ya kashe shi. Ford ya yi alkawarin zuba masa dala biliyan 1 a 2017, Volkswagen ya shigo a 2019. A watan Oktoba na 2022 iyayen gidan biyu suka ga riba ta yi nisa, suka janye, kamfanin ya rufe, Ford ya rubuta hasarar dala biliyan 2.7.

Na uku shi ne Cruise, wanda General Motors ya saya a 2016, Honda kuma ya shigo a 2018. A watan Oktoba na 2023, a San Faransisko, wata mota mai direba ta buge wata mata ta jefa ta gaban motar Cruise. Motar ta tsaya, sa'an nan ta yi ƙoƙarin gangarawa gefen titi, ta ja matar kimanin mita 6 a ƙarƙashinta. Hukumar motoci ta Kalifoniya ta dakatar da izinin kamfanin, tana mai cewa bai bayyana mata gaskiyar al'amarin yadda ya kamata ba. A watan Disamba na 2024 General Motors ya daina zuba kuɗi a wannan haya, bayan ya kashe fiye da dala biliyan 10. A nan abokin tarayyar da aka ɓata wa shi ne hukuma, wadda ke tsaye a madadin jama'a masu titi.

Waɗannan uku sun nuna sharuɗɗan da ƙiradi ya riga ya sani. A san iyakar aikin kowa. Mai jari ya shiga da sanin cewa zai iya hasara. Amana kuwa in ta karye, tarayya ta ƙare ko da na'ura tana aiki.

7. A ruwa da sama

Abin da ya fi kusa da Yawuri shi ne jirgin ruwa. A ƙasar Norwe, kamfanin takin zamani na Yara ya haɗa kai da Kongsberg, masu na'urorin jiragen ruwa, a 2017, suka yi jirgi mai suna Yara Birkeland. Tsawonsa mita 80, da lantarki ya ke tafiya, yana ɗaukar kwantena 120. Nufinsu ya ɗauke wa titi sawun manyan motoci 40,000 a shekara tsakanin masana'antar taki da tashar Brevik. Ya fara aiki a 2022 da ma'aikata a ciki, bisa shirin a riƙa rage su sannu a hankali gwargwadon yardar hukuma. Mai kaya ne ya kawo bukata da kuɗi, mai fasaha ya kawo na'ura, a ka kuma zaɓi gajeriyar hanya guda wadda aka san ta sarai.

A ƙasar Hausa kuwa, abin hawa mai tuƙa kansa ta sama ya fara shigowa. Kamfanin Zipline na Amurka ya fara kai jini asibitocin karkara a Ruwanda a 2016 da ƙananan jirage marasa matuƙi, ya shiga Gana a 2019. A 2021 ya ƙulla yarjejeniya da Gwamnatin Jihar Kaduna, a 2022 a ka fara tashi daga cibiyar Pambeguwa. Jirgin ba ya ɗaukar fiye da kilo biyu. A kan harba shi, ya bi hanyar da aka tsara masa, ya saki ƙunshin magani da 'yar lema a harabar asibiti, ya komo. Kamfani ya kawo jirage, jiha ta kawo asibitoci da magunguna da kuɗin aiki, hukumar jiragen sama ta ba da izinin sararin sama, ma'aikatan lafiya kuma su ke aika bukata. In ɗaya ya janye, jirgi ba ya tashi.

8. Abin da wannan ke nufi ga ƙasar Yawuri

Ran 26 ga Mayu 2021, wani jirgin katako ya tsage ya nutse a kusa da Wara, cikin Ƙaramar Hukumar Ngaski, ɗauke da mutane fiye da 150. Waɗanda aka ceto da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Hukumomi suka ce lodi ya fi ƙarfin jirgin. Wannan masifa ta nuna cewa abin da ke kashe mutane a tafkin ba rashin gwanintar tuƙi kaɗai ba ne. In rabon kowa, daga mai jirgi har ɗan kamasho, yana ƙaruwa ne da yawan fasinja, ba a kuma faɗi wanda zai biya diyya in an nutse ba, to, tarayyar da kanta ita ke tura jirgi ga halaka. Ko an sa masa kwamfuta a madadin matuƙi, jirgin da aka cika fiye da ƙima nutsewa zai yi.

Saboda haka abin da ya dace a ɗauko daga tarihin mota mai tuƙa kanta shi ne gutsattsarinta, da kuma tsarin tarayyarta. Kafin a kai ga motar da ba direba, sai da aka sami birki mai kama kansa da na'urar gargaɗi a motocin talakawa. Haka a ruwa, akwai ma'aunin zurfi, da na'urar nuna wuri ta tauraron ɗan Adam, da hasashen iska ta waya, duk ba su fi ƙarfin ƙungiyar masu jirage ba. Abin da babu kamfanin waje da zai zo da shi shi ne taswirar kututture da tudun yashi a kowane matakin ruwa. Wannan tana cikin kan tsofaffin matuƙa na Yelwa da Zamare da Wara da ƙauyukan Shanga. Abokan aikin kuwa suna kusa: Hukumar Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1997, cibiyar binciken kifin ruwa mai daɗi da ke Sabuwar Busa, kamfanin Mainstream, wanda ya karɓi gudanar da madatsar a 2013, shi ne kuma ya san lokacin da za a riƙe ruwa ko a sake shi, da masarautar Yawuri da sarakunan ruwa. An ma taɓa gwada makamancin wannan a aikin bunƙasa sun tafkin Kainji na haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus, wanda aka fara a 1993, inda aka sa masunta da sarakunan gargajiya cikin tsara dokokin su.

Sai dai akwai abin kiyayewa. Waymo bai sayar da taswirarsa da abin da motocinsa suka koya ba, domin ya san nan dukiyar ta ke. Ranar da wani kamfani zai zo da na'urarsa ya ce a nuna masa hanyar ruwa, matuƙin da ya nuna ya zuba jari ke nan, jarin da ya gada daga iyaye da kakanni. In ba a rubuta masa kasonsa ba tun farko, za a wayi gari na'ura ta haddace saninsa, shi kuwa an sallame shi a bakin gaɓa. Mutanen da tafki ya tayar a 1968 sun riga sun ɗanɗana tarayyar da aka ƙulla a kansu ba da su ba.

Tambayar da aka yi a sashe na biyu, watau wa za a kama in kayan aiki ya zama matuƙi, amsarta ba a cikin na'ura ta ke ba. A cikin yarjejeniya ta ke. Duk wanda ya ci riba daga tafiyar jirgi, ko maƙeri ne, ko mai manhaja, ko mai jari, sai a ambaci kasonsa na hasara kafin a kwance igiya. Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski.